“Idan zai yiwu” ba doka ba ce: a kan kalmomin ƙa'idar gina manhaja da girka ta

Na taɓa shafe kusan mako biyu ina musayar saƙo da wani mai bita, mai duba aiki kafin a karɓe shi, a kan layin umarni ɗaya tak. Wata 'yar ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da yaren C, na haɗa mata fakiti, wato ƙunshin da mutane ke saukewa su girka, domin ta shiga rumbun wani gidan Linux, irin su Debian ko Fedora. Ƙa'idar gidan ta ce a riƙa gudanar da gini ayyuka da yawa a lokaci guda “idan zai yiwu”, saboda ya fi sauri. Ni kuwa na kashe wannan, na sa aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma ina da dalili. A cikin Makefile ɗin manhajar, wato takardar da ke gaya wa make, kayan aikin gini, abin da zai yi, akwai fayil guda da ake ƙirƙira ana tsakiyar gini, wasu fayiloli uku suna dogara da shi, amma marubucin bai faɗa wa make haka ba. In an yi sa'a fayil ɗin ya riga su fitowa, gini ya tafi lafiya. In ba a yi sa'a ba, sai ya tsaya da kukan bai ga fayil ba. A kwamfutata yakan wuce mafi yawan lokuta, a injinan gini masu ƙarfi kuwa faɗuwar ta fi yawa.

Mai bitar ya ce: “Malam, na gwada a nan sau uku, ya ginu. Ke nan zai yiwu.” Na ce masa abin da ke yiwuwa yau ya ƙi gobe ba shi ake nufi ba. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta haka. Ban iya ba, domin ba a rubuta ba. Shi mai gaskiya ne bisa rubutun, ni ma haka. Daga ƙarshe na yi wa Makefile ɗin faci na layi ɗaya, na aika wa masu asalin manhajar, magana ta mutu. Amma tun daga ranar na daina yarda da masu cewa gardama a kan lafazin ƙa'ida ɓata lokaci ne. Mutum biyu masu son aikin, ba wanda aka biya ko sisi, sun ƙona mako biyu saboda wanda ya rubuta jimlar bai zauna ya yanke shawarar abin da yake nufi ba.

Ga wanda bai saba da aikin ba, ga yadda yake a taƙaice. Mai haɗa fakiti yana ɗauko rubutun tushe na manhaja, ya rubuta takardar umarni da za ta gaya wa inji yadda zai mayar da shi abin da mutane za su sauke da dannawa ɗaya. A gidajen da ke amfani da tsarin fakiti na RPM, irin su Fedora da openSUSE, takardar tana da sassa: %prep na shirya tushe, %build na gini, %install na girkawa, %check na gwaji, %files na lissafa abin da zai shiga fakiti. A Debian fayil ɗin debian/rules ne ke ɗauke da wannan nauyin, a Arch kuma PKGBUILD, mai build() da package(). Suna ya bambanta, amma kowa ya raba gini da girkawa, kuma a kan iyakar da ke tsakaninsu ake yawan rigima.

Ita kanta kalmar “girkawa” tana yaudarar sabon shiga. A wannan matakin ba a girka komai a kan kwamfutar kowa. Ana kwafe fayilolin da aka gina ne zuwa wata folda ta wucin gadi, wadda aka tsara ta kamar ƙaramar kwamfuta, da usr ɗinta da etc ɗinta, sannan a naɗe ta a zama fakiti. Saboda haka akwai adireshi biyu da bai kamata su haɗu ba. Na farko prefix, wato gidan da manhajar za ta zauna na dindindin a kwamfutar mai amfani, galibi /usr. Na biyu DESTDIR, masaukin kwana ɗaya a kan hanya. Manhaja tana bukatar sanin gidanta tun lokacin gini, domin a nan za ta riƙa neman fayilolinta. Masaukin kuwa bai kamata ta ma san sunansa ba. Ranar da sunan masauki ya shiga cikin fayil ɗin da aka raba wa jama'a, manhajar za ta je neman kayanta a wurin da babu shi a kwamfutar kowa sai injin da ya gina ta, wanda shi ma ya goge wurin tuntuni.

A nan ne nake so in yaba wa wata jimla. RPM yana da wani tsohon gajeren umarni mai suna %makeinstall, wanda maimakon ya yi amfani da DESTDIR sai ya sauya prefix da 'yan'uwansa a lokacin girkawa, ya liƙa musu adireshin masauki a gaba. Ƙa'idar Fedora ta hana amfani da shi, amma dubi yadda ta hana: ta ce ba a yarda ba matuƙar make install da DESTDIR yana aiki. Sannan ta jero dalilai: adireshin masauki na iya shiga cikin fayiloli, make na iya ganin an sauya masa saiti ya sake gini a wurin da bai dace ba, fayilolin libtool, wani kayan aikin gini, na iya fitowa a karye. Sharaɗin nan abu ne da mai bita zai gwada cikin minti biyu: DESTDIR yana aiki ko ba ya aiki. Ba maganar ra'ayi. Kuma wanda ya ci karo da baƙon Makefile da ba a yi tunaninsa ba, dalilan sun ishe shi ya gane abin da ake gudu. Kwatanta wannan da “idan zai yiwu”, wadda ba ta ce wa zai auna yiwuwar ba, ko da wane ma'auni.

Masu rubuta ƙa'idojin intanet sun riga mu shan wannan wahalar. A watan Maris na 1997 Scott Bradner na jami'ar Harvard ya fitar da RFC 2119, 'yar gajeriyar takarda da ta fayyace ma'anar MUST da SHOULD da MAY, wato dole, da ya kamata, da an yarda. Mutane da yawa suna ambaton ta, kaɗan suka karanta ta har ƙarshe. Ta ce SHOULD na nufin akwai yanayin da za a iya kauce wa abin da dalili mai ƙarfi, amma sai an fahimci abin da zai biyo baya an kuma auna shi da kyau. Sai sashe na shida, wanda a ganina ya fi kowanne amfani ga masu haɗa fakiti: a yi amfani da waɗannan kalmomi da tsantseni, a inda ake bukatarsu domin abubuwa su yi aiki tare ko domin a hana cuta, kada a yi amfani da su wajen tilasta wa mutane wata hanyar aiki da ba ita ce sharaɗin aiki tare ba. Duk da wannan taka-tsantsan, sai da aka sake fitar da RFC 8174 a 2017, shekara ashirin bayan ta farko, don kawai a tabbatar cewa ma'anar ta musamman tana hawa ne in an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. Ruwa ba ya tsami banza. Sun ga abin da ƙaramin harafi ya jawo.

A Debian kalmar “dole” haƙora gare ta. Saɓa wa abin da ƙa'idarsu ta ce must ana ɗaukarsa matsala mai darajar serious, kuma fakitin da ke ɗauke da irin wannan matsala ba ya shiga sabon fitowar Debian sai an gyara. Wato wanda ya sauya “ya kamata” zuwa “dole” a jimla ɗaya, zai iya wayar gari ya sa ɗaruruwan fakitoci cikin barazanar kora, ya ɗora aikin gyara a kan mutanen da ba su ma san an yi zaman ba. Shi ya sa nake ganin hikima a yadda suka shigar da maganar gini mai maimaituwa a bugu na 4.1.0 na ƙa'idarsu a 2017. Sun ce should, ba must ba, domin fakitoci da yawa ba su kai can ba tukuna. Amma ba su bar kalmar tana reto ba, sun fayyace abin da ake nufi: in tushe ɗaya ne, kayan gini iri ɗaya, yanayin gini iri ɗaya, to fakitin da zai fito ya zama daidai da na baya har ƙwayar bayani ta ƙarshe. Kalmar mai sassauci ce, ma'aunin kuwa tsayayye. Kowa zai iya gina fakiti sau biyu ya kwatanta.

Ra'ayina ke nan, kuma zan tsaya a kansa a duk inda ake wannan muhawara: a ɗora “dole” a kan sakamako, a ɗora “ya kamata” a kan umarnin da ake bugawa. Dole gini ya kammala ba tare da taɓa intanet ba, kamar yadda Debian ta shimfiɗa wa fakitocin babban rumbunta, domin abin da aka sauko ana tsakiyar gini ba wanda ya duba shi, kuma gobe yana iya sauyawa ko ya ɓace. Dole matakin girkawa ya tsaya a cikin masaukinsa, kada ya rubuta ko harafi a waje. Dole kada sunan masauki ya bayyana a abin da za a raba, kuma RPM ma yana da ɗan binciken check-buildroot da ke tsayar da gini in ya gan shi. Dole zaɓuɓɓukan tsaro na gidan su isa ga kwamfaila, manhajar da ke mayar da rubutun tushe abin da inji ke gudanarwa. Waɗannan ba sa tsufa. Sun yi daidai a kan make, wanda Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs tun 1976, sun yi daidai a kan sababbin kayan gini irin su CMake da Meson, kuma za su yi daidai a kan duk abin da zai zo bayansu.

Umarni kuwa yana tsufa, da sauri ma. A 2020, da Fedora 33, aka sauya yadda ake gina manhajojin CMake, gini ya koma wata folda dabam da ta tushe, aka kawo %cmake_build da %cmake_install. Duk takardar da ta ce “dole ka buga make bayan %cmake” ta zama ƙarya a rana ɗaya. A duniyar yaren Python, umarnin setup.py install da aka yi shekara da shekaru ana koyarwa, masu setuptools, kayan ginin da ke bayansa, sun ayyana shi abin da za a daina tun 2021, hanya ta koma gina wheel, wato ƙunshin Python, a matakin gini, a girka shi a matakin girkawa. Abin da ya fi damuna shi ne abin da tsohon umarni ke bari a baya. Har yau za ka buɗe takardar fakiti ka tarar layin farko na %install yana goge masauki da rm -rf, umarnin share folda da duk abin da ke cikinta, ga kuma sashen %clean a ƙasa, alhali RPM ya daɗe da ɗauke wannan aikin, ƙa'idar Fedora ma yanzu cewa take kada a sa su. Me ya sa ba su mutu ba? Domin an koya wa mutane layin ba a koya musu dalilinsa ba, kuma wanda bai san dalilin abu ba ba zai yi ƙarfin halin cire shi ba. Sai ya kwafa, wani ya kwafa daga wurinsa.

Kuma layin rm -rf ba abin wasa ba ne a rubutun girkawa. A 2011 wani rubutun girka Bumblebee, manhajar katin hoto na kwamfutocin tafi-da-gidanka, ya zo da tazara guda ta kuskure bayan /usr a cikin irin wannan umarni, ya share wa waɗanda suka gudanar da shi gaba ɗayan foldar. Da ana girkawa ne cikin masauki, da hannun mai amfani marar iko, da abin bai wuce saƙon “ba ka da izini” ba.

Akwai masu ja da ni, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa sabon shiga ba falsafa yake so ba, so yake a ce masa buga kaza, buga kaza. Suna kuma cewa in kowa ya bi hanyar da ya ga dama zuwa sakamako ɗaya, gidan zai rasa ikon gyara dubban fakitoci daga wuri guda. Wannan na biyun gaskiya ne ƙwarai. Lokacin da Fedora 38 ta ɗaga zaɓin tsaro na _FORTIFY_SOURCE zuwa mataki na 3 a 2023, ba a bi fakitoci ɗaya bayan ɗaya ana gyara ba. An sauya saitin a tsakiya, aka sake gini, duk fakitin da ke karɓar zaɓuɓɓukan gidan ya samu ƙarin kariyar, wanda kuma ya rubuta nasa da hannu aka wuce shi a tsaye. To amma wannan bai rushe maganata ba. Shi ya sa na ce “ya kamata”, da ma'anarta mai nauyi ta RFC 2119, ba “an yarda” ba. Gajeren umarnin gidan shi ne hanya, shi za a fara nuna wa sabon shiga, da cikakken misali. Wanda zai kauce sai ya biya kuɗin kaucewa, kuma kuɗin shi ne ya rubuta dalili a cikin takardar fakitin, daidai saman layin, inda mai bita na yau da magajin fakitin na shekara biyar masu zuwa za su gani. In aka mayar da umarnin “dole”, ranar da aka haɗu da manhajar da umarnin bai dace da ita ba, mutum zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ya karya doka a ɓoye, ko ya bar manhajar. Na ga an yi duka biyun, kuma karya doka a ɓoye ya fi yawa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: yawancin masu karanta waɗannan takardu Turanci ba harshensu na farko ba ne. Jimla kamar “make install should work” fuska biyu gare ta. Tana iya nufin ana sa ran zai yi aiki, tana iya nufin wajibinka ne ka sa ya yi aiki. Duk wanda ya gwada mayar da ita Hausa dole ya zaɓi ɗaya, nan take zai gane marubucin bai zaɓa ba. Haka jimlolin da ba su da mai aikatawa, irin “a girka fayilolin lasisi”. Wa zai girka? Makefile na masu asali, ko mai fakiti da hannunsa, ko gajeren umarnin gidan? Ƙa'idojin rubutun manhaja na GNU suna da misali mai kyau a nan. Sun nemi make install kada ya sauya komai a foldar da aka yi gini matuƙar an riga an kammala ginin, suka kuma bi da dalili a jimla ta gaba: domin a iya yin gini da sunan mai amfani ɗaya a girka da sunan wani. Da ka karanta dalilin ka san yadda za ka gwada, ka kuma san abin da zai lalace in ka saɓa.

Sai maganar xz, manhajar matse fayiloli, wadda ba na so in ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, amma ba zan iya tsallake ta ba. A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, mai aikin manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, ya sanar da cewa ya gano ƙofar ɓoye a xz bugu na 5.6.0 da 5.6.1, bayan ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta ssh tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Abin lura ga masu fakiti shi ne inda aka ɓoye kunamar. Ba a cikin rubutun C da kowa ke karantawa take ba. Mabuɗinta yana cikin wani fayil na tsarin gini, build-to-host.m4, wanda gurɓataccensa yana cikin ƙunshin da aka fitar don saukewa amma babu shi a ma'ajiyar git, inda masu manhajar ke ajiye rubutunta, sauran kuma an cusa shi cikin fayilolin gwaji. Har dubawa take ko fakitin Debian ko na RPM ake ginawa kafin ta motsa. Wanda ya shirya ta ya karanci matakin gininmu fiye da yadda yawancinmu muka karance shi. Kowane gida yana da jimlar da ke cewa a gina daga tushe. To wanne ne tushe, abin da ke cikin git ko ƙunshin da wani mutum ɗaya ya naɗe a kwamfutarsa, da rubutun shirya gini na configure mai dubban layuka da inji ya haifa? Ba na cewa gyaran jimla kaɗai zai hana irin wannan hari, mai niyyar sharri da haƙurin shekaru zai nemi wata kafa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kalmar “tushe” da aka bari ba fassara tsaga ce. Ƙa'idar da ta ce fayilolin gini da inji ya haifa ya kamata a sake haifar su, ko a kwatanta ƙunshin da abin da ke cikin git, aƙalla ta ba mai bita hurumin yin tambaya ba tare da a ce ya cika tsanani ba.

Na san zaman gyaran lafazi yana da gajiya. Wani zai kawo waƙafi, wani ya ce a mayar da sakin layi sama, mako ya wuce ba a motsa ba. Ni ma ba kowace gardama nake kare wa ba. Tambaya uku nake yi wa kowace jimla da aka kawo: wa aka umarta, ta yaya mai bita zai san an bi, me zai lalace in ba a bi ba. Gyaran da bai taɓa ko ɗaya cikin ukun ba, a karɓa ko a bari, duk ɗaya ne, a wuce. Wanda ya taɓa su kuwa a zauna a kansa ko zai ci wata guda, domin jimlar za ta yi hukunci tsakanin mutanen da ba su san juna ba, a lokacin da marubucinta ya daɗe da barin aikin.

Da za a ba ni alƙalami a kan jimlar da ta ci mana mako biyu, ga abin da zan rubuta a gurbinta: “Ya kamata a gudanar da gini ayyuka da yawa a lokaci guda, ta hanyar gajeren umarnin gidan. Ginin da ke faɗuwa wani lokaci ya wuce wani lokaci ana ɗaukarsa wanda ba ya aiki. Mai fakitin da ya kashe wannan tsari dole ya rubuta dalili a saman layin, tare da adireshin rahoton da ya aika wa masu asalin manhajar.” Ta fi tsohuwar tsawo sau uku, kuma na san akwai wanda zai ce sharaɗin rahoton ya yi nauyi ga manhajar da masu ita suka daɗe da watsar da ita. Wannan gyara ne da zan karɓa: a ƙara cewa in babu inda za a aika rahoto, a rubuta hakan a wurin.